Tsohuwa a Teburin Kawu

Litinin, da hantsi

Tsohuwa ta ce ga garinku nan. Ranar Asabar aka dawo da wuta da ƙarfi, yau ina buɗe ɗakin kwamfutoci ƙauri ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Na danna, na sake dannawa, ko fankarta ba ta motsa ba.

Ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da rajistar kamfanin nan tun kafin a ɗauke ni aiki: sunan kowane ma'aikaci, da kalmar sirrinsa, da abin da aka yarda ya buɗe. In mutum ya zauna da safe ya buga sunansa, ita ke cewa ya shiga ko ya tsaya a waje. Ni dai ko gezau ban yi ba. Bara na yi ta fama da Manaja har ya sayi ta biyu, wadda muke kira Sabuwa, na sa ta kwafi rajistar kaf. A lokacin cewa ya yi kayan wasa nake so. Yau kowa ya shiga kwamfutarsa lafiya lau, har shi, bai ma san an yi rashi a gidan ba. Na so in hau sama in tuna masa, sai na ce a bar shi ya sha shayinsa.

Litinin, bayan la'asar

Na ƙwace muƙaman. Akwai ayyuka a rajista da kwamfuta ɗaya tak ke yi, kamar ba sabon ma'aikaci lamba da riƙe agogon da sauran ke bi, kuma duk suna hannun Tsohuwa. Da tana raye da ta miƙa su cikin mutunci. Tunda ba ta nan, na ɗora wa Sabuwa da ƙarfin tsiya, sannan na nemo sunan Tsohuwa a rajistar na goge. Allon ya tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata mana.

Ƙa'idar sana'armu ce, ba ni na kafa ba: wadda aka ƙwace wa muƙami aka goge sunanta, ba ta ƙara taka netwok, wato layin da ya haɗa kwamfutocin gidan, har abada. In ta farka za ta ɗauka har yanzu ita ce shugaba, ta riƙa amsa wa mutane da tsohon labari. Wanda aka sallama jiya ta buɗe masa, wanda ya sauya kalmar sirri ta hana shi. Ko an wanke ta tas ma babu amfani, ta tsufa, sabon tsarin ba zai hau kanta ba.

Ina cikin kwance mata wayoyi Kawu ya shigo. Yayan Mama ne, a gidansa na girma. A nan Baba Mai Gyara ake ce masa, don esi da janareto da fanfo da ƙafar kujera duk nasa ne, kuma shi ya fara kawo ni ƙofar kamfanin nan da takarduna a hannu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa har gobe bai iya kiran sunana.

"Uwata, ina za ki kai ta?"

"Sito, Kawu. Ta gama nata."

Ya sunkuya ya sunsuna bayanta kamar mai sayen turare. "Ƙaurin akwatin wuta ne wannan. Cikinta bai mutu ba. Ba ni ita."

"Kawu, ai ko ka gyara..."

"Ko na gyara me?"

Wayata ta yi ƙara, na ɗauka. Kafin in gama magana ya ɗora ta a amalanken sito ya yi ƙasa da ita. Ba komai, gobe zan yi masa bayani.

Talata, da azahar

Goge suna ba ya kashe magana. Kwamfutocin gidan nan har yanzu suna ƙwanƙwasa ƙofar Tsohuwa, su tsaya jiran amsa, sai sun gaji sannan su tuna da Sabuwa. Shi ya sa komai ke jan ƙafa yau. Adireshinta ya watsu a wurin da kwamfutoci ke duba adireshin juna, lungu lungu, wani a ƙarƙashin wani. Na zauna ina bi ina tsincewa kamar mai tsince tsakuwa a hatsi.

Anti Akanta ta leƙo, gilashi a kan hanci. "Injiniya, kwamfutata tana tafiyar amarya yau, lafiya?"

Na ce takaba take yi, a ba ta kwana biyu. Ta yi dariya har tana dafa ƙofa.

Ina jin daɗin irin wannan aiki. Babu mai gani, babu mai yabawa, amma ni na san inda kowace ƙura ta maƙale.

Laraba, da yamma

Manaja ya tara shugabannin sassa. Daga sama an ce a rage ma'aikata ƙarshen wata. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, kowa ya zuba wa teburi ido. Da aka tashi ya tsayar da ni.

"Sashenku ku biyu ne, ke da Baba. Aikin nasa, ba za a iya kiran na waje ya riƙa yi ba in buƙata ta taso?"

Na ce, "Yallaɓai, na waje sai an neme shi. Shi kuwa kafin abu ya lalace ya ji ƙararsa."

Ya ce to, zai duba, yana so ya gani da idonsa.

Na sauka ɗakin Kawu, ƙarƙashin bene. Ashe labari ya riga ni. Ya baje Tsohuwa a kan tebur, ya jera kusoshinta a murfin gwangwani, ƙarfen narka dalma na hayaƙi a gefe. Bai ɗago ba ya ce, "Sun ce tsofaffi za a fara sallama, ko? To bari su ga abin da tsoho zai tayar. Babbar kwamfutar kamfani ce fa wannan, Uwata, ba fanka ba."

Fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya ci abinci.

Alhamis, da safe

Ban gaya masa ba. Ai ba lallai ma ta tashi ba.

Juma'a, da hantsi

Na'urar dangwala yatsa da ke bakin get ta haukace. Wajen Tsohuwa take tambayar lokaci, da ta rasa mai amsa mata sai ta kama nata lissafin, ta rubuta kowa a makare. Har mai gadi, wanda a wurin ya kwana. Ma'aikata suka yo kaina da hayaniya, wai dama ana neman dalilin kora, ga shi na ba da. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Na ɗauko kujera na hau, na buɗe na'urar, na cire tsohon adireshi na sa na Sabuwa, lokaci ya dawo daidai a gabansu. Direba ya ce shi a mayar masa da na baya, don ya fi son ya riƙa tashi da wuri. Na ce ya je ya roƙi Manaja.

Wannan ya tuna mini akwai irinta da yawa, waɗanda aka rubuta musu adireshin da hannu shekarun baya aka manta. Firinta ta sama, ma'aunin sito, kyamarorin tsakar gida. Duk zan bi su, ɗaya ba za ta tsere mini ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na je gaida Mama. Ta ce Kawu ya biyo jiya daga kasuwar tsofaffin kayan wuta, ya yini yana tonon tarkace yana neman wani ɗan ƙaramin abu kamar batir. Ta ce rabon da ta ga ya ci abinci da marmari haka tun rasuwar matarsa.

"Ya ce ke da shi kuna wani babban aiki. Allah Ya yi miki albarka, ki riƙe shi da kyau. Mutumin nan in aka raba shi da wurin nan, zama zai yi ya zuba wa bango ido."

Na ce amin. Na taya ta ninke wanki, na yi ta ba ta labarin na'urar yatsa har ta yi ƙwalla don dariya. Sauran maganar na dawo da abata gida.

Litinin, da azahar

Firinta ta sama ta koma hannun Sabuwa. Ma'aunin sito ma haka. Na duba rahoton Sabuwa, kukan neman Tsohuwa ya ragu sosai. Aiki na tafiya yadda nake so.

Talata, da yamma

Esin ofishin Manaja ya tsaya. Ya aika a kira Kawu, Kawu ya ce a ba shi zuwa jibi, hannunsa na cikin babban aiki. Ban ji daɗin amsar ba. Na sauka na ce, "Kawu, ka bar wannan ka je ka duba masa mana, gumi yake yi."

"Esi ai ko yaushe ne, Uwata. Kowane yaro a bakin titi zai gyara esi. Wannan fa?" Ya nuna mini allon cikinta, inda ya ciro ƙananan abubuwan nan masu kama da batir da suka kumbura ya dasa wasu. Aikin ya yi kyau, wallahi, dalmar kamar an ɗiga da allura. "Wannan in ba ni ba, wa?"

Gaskiyarsa, babu. Na tsaya a kansa ina shirin gaya masa gaskiya. Sai ya miƙo mini fitila ya ce in haska masa, kamar yadda yake sa ni ina 'yar firamare in yana gyaran rediyon maƙwabta. Na haska.

Gobe. Da safe, kafin ya kunna ƙarfensa.

Laraba, da safe

Manaja ya kira mai gyara daga waje. Kafin hantsi esi ya kama.

Alhamis, bayan la'asar

Ta tashi.

Ina sama ina fama da kyamarori na ji Kawu na ƙwala kira daga ƙarƙashin bene, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a wurin aiki ba. Na sauko na tarar fankarta na juyi, fitilunta na ƙyaftawa, allo ya kawo wurin sa suna. Ya tsaya a gefe hannu a ƙugu, baki har kunne.

"Me na ce miki?"

Na ce, "Kawu, hannunka ba na wasa ba ne." Kuma har zuciyata na faɗa. Abu na farko da idona ya nema shi ne bayanta. Babu wayar netwok a jiki, na yi ajiyar zuciya.

Ya ce yanzu sai a mayar da ita sama. Na ce a'a, sai an gwada ta tukuna, a ware, kada ta ba mu kunya a gaban mutane. Ya ce haka ne, ke ce gwana a nan.

A hanyar gida dabara ta zo mini, kuma ina ganin ta yi. Manaja ya ce da idonsa yake son gani, to zai gani. Zan kawo ɗan ƙaramin akwatin haɗa wayoyi wanda bai taɓa netwok ɗinmu ba, in haɗa Tsohuwa da wata tsohuwar kwamfutar hannu, su biyu kawai, a kan teburin Kawu. Manaja ya zo ya buga sunansa, ta buɗe masa, ya ga abin da aka ce ya mutu ya tashi. Ya cire sunan Kawu daga cikin waɗanda za a sallama. In wata ya ƙare, ƙura ta lafa, sai in zaunar da Kawu in yi masa bayani a tsanake, mu ajiye ta a sito a ce ta zama ta ko-ta-kwana. Babu wanda aka cuta. Rajistata na nan lafiya, aikinsa na nan lafiya.

Juma'a, da azahar

Na haɗa, na gwada, ta amsa. Ta karɓi tsohuwar kalmar sirrina, wadda na sauya makon jiya. Ta kuma nuna mini sunan wani ɗan sito da ya bar aiki bayan mutuwarta, yana nan daram kamar bai je ko'ina ba. Amma a kan tebur take, ba ta da hanyar fita.

Anti Akanta ta same ni ina naɗe waya. Ta dube ni ta dubi akwatin. "Ke da kika ce takaba ake yi, yanzu kuma mamaciyar ce ta dawo?"

Na ce ziyara ta kawo.

"Injiniya, ni dai lissafi na sani. Amma in abu ya fita daga littafi, ba na son in gan shi yana yawo."

Na ce ta bar mini wannan, na san abin da nake yi. Manaja ya ce zai sauko Litinin.

Lahadi, da yamma

Kawu ya kai rigarsa wajen mai guga, in ji Mama.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru, a jere, don kaina ya daina juya shi.

Manaja ya sauko da hantsi, Anti Akanta na bayansa, da mai sito. Kawu ya share ɗakin har ƙarƙashin tebur. Na ce wa Manaja ya sa kalmar sirrinsa ta watan jiya, ya sa, ta buɗe. Ya ɗaga gira. Kawu ya nuna masa abubuwan da ya ciro, baƙi ƙirin, a tafin hannu, ya yi masa bayani dalla-dalla. Manaja ya ce, "Ikon Allah. Baba, ashe haka kake?" Na ce a raina, shi ke nan, an gama.

Sai ya juyo gare ni. "To ai an huta. Dama sabon reshe na neman irin wannan, ina ta tunanin inda za a samo. A mayar da wannan bakin aikinta gobe, Sabuwar a kai reshe."

Ban taɓa kawo wannan a lissafina ba. Ina neman abin faɗa, Kawu ya ce, "Me ya kai mu gobe, Yallaɓai? Ga waya nan." Akwai wayar netwok ta gaske a bangon ɗakin, wadda ke zuwa har sama. Ya zare tawa daga bayan Tsohuwa, ya jawo waccan.

Na riƙe masa hannu.

Ban san sanda na yi ba. Na damƙe wuyan hannunsa da hannu biyu, a gaban mutane, na ce, "Kada ka soka!" da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankarta.

Manaja ya ce, "Lafiya?"

Na faɗa. Babu wata hanya. Na ce an ƙwace muƙamanta, an goge sunanta, in ta hau netwok rabin ma'aikata ba za su shiga ba, waɗanda aka sallama kuma za su shiga, sito da ofishin kuɗi duk za su rikice. Na ce ba ta komawa, ko gobe ko baɗi. Muryata ba ta yi rawa ba, don gaskiya ce kuma aikina ne.

Manaja ya ce, "To wannan da kika nuna mini fa?"

Na ce gwaji ne kawai.

Kawu bai dubi Manaja ba. Ni ya duba, har lokacin hannunsa na cikin nawa. "Uwata, tun yaushe kika san haka?"

"Tun ranar da ka ɗauke ta."

Ya gyaɗa kai. Ya zare hannunsa a hankali, ya rataye wayar a ƙusarta, ya danna ya kashe Tsohuwa. Ya ce wa Manaja, "A yi haƙuri, an ɓata maka lokaci." Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Anti Akanta ce ta ƙarshe, ta dafa kafaɗata ta wuce.

Talata, da safe

Na gaida Kawu a bakin get, ya amsa. Ya tambayi lafiyar maigidana da yara. Shi ke nan.

Talata, da yamma

Na hau wajen Manaja ba tare da an kira ni ba. Na ce laifin nawa ne, ni na bar shi yana aikin da na san ba shi da gaba, ni na shirya abin jiya, bai san komai ba. Na ce mutumin da ya tayar da abin da ya ƙone haka, kamfani ba ya sakin irinsa. Na yi magana mai kyau, na sani, don har ya ajiye wayarsa ya saurara.

Ya ce, "Na ji. Hannunsa na da kyau, ban musa ba. Amma mako biyu ina kira ana ce mini yana babban aiki, na waje ya zo ya yi mini cikin awa ɗaya. Me zan ce wa na sama?" Ya ƙara da cewa ni ma in kiyaye, ba ya son a riƙa shirya masa wasan kwaikwayo.

Ban karaya ba. Akwai sauran kwanaki. Janareto na tari tun makon jiya, in Kawu ya sa masa hannu kowa zai ji bambanci.

Laraba, da azahar

Kyamarori sun koma kan Sabuwa. Na bincike ko'ina, lungu da saƙo, ban ƙara samun adireshin Tsohuwa ba. Rahoton Sabuwa fes, babu mai nemanta. A ƙa'ida yau ranar murna ce.

Kawu ya yini a gindin janareto. Janareton ya daina tari. Manaja bai fito ba, yana taro da baƙi daga sama.

Alhamis, bayan magariba

Mama ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce Kawu ya je wurinta ya zauna, ta kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Ta tambaye shi babban aikin, ya ce an gama. "Me ya faru tsakaninku?" Na ce maganar ofis ce, Mama. Ta ce, "Ofis ne ya goya ki?" Ta kashe.

Juma'a, da hantsi

An kira waɗanda za a sallama sama ɗaya bayan ɗaya. An kira Kawu.

Juma'a, bayan la'asar

Ya shigo ɗakin kwamfutoci da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Na miƙe na ba shi kujerata, ya ce a'a, ba daɗewa zai yi ba. Ya dubi Sabuwa, ya kai bayan hannu wajen fankarta ya ji iskar, ya ce a riƙa share mata ƙura ta baya, ba ta gaba kawai ba.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani ɗan abu a kan teburina. Bakin da ake soka wayar netwok ne, na bayan Tsohuwa. Ya narke dalmar ya ciro shi ɗungurungum, ƙafafunsa a miƙe, ko ɗaya bai karye ba.

"Na kai ta sito. Lafiyarta ƙalau, kin gani, duk wanda ya kunna za ta tashi. Wata rana ba kya nan, wani zai gan ta ya ce kai, wannan ai asara ce, ya nemo waya. Yanzu ko ya nemo babu inda zai soka."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini. Gani na yi kana farin ciki, na kasa."

"Na sani." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Aikinki kika yi ranar Litinin, kuma da kin bar ni na soka da na fi jin haushinki. Ba riƙe hannun ne ya dame ni ba. Ni mai gyara ne, Uwata. Tun ina saurayi mutane ke kawo mini kaya, in duba in ce wannan zai yi, wannan ba zai yi ba, kai shi gida. Ban taɓa karɓar abin mutum na bar shi yana zarya ba don kada ransa ya ɓaci. Ke kuma kika tsaya kina haska mini fitila."

Na ce bari in ɗauko masa jakar zuwa get. Ya ce ba ta da nauyi.

Na tsaya a taga ina kallonsa. Ya tsaya wajen na'urar yatsa ya dangwala, kamar kullum, ya yi sallama da mai gadi, ya fita. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ban san da wace fuska zan shiga gidansa gobe ba. Amma zan je, kuma tun daga bakin ƙofa zan fara magana.